"Ɗan Wane Ne?": Maganar Gata da Son Kai na Ɓoye a Wurin Aiki

A ƙasarmu akwai wata gajeruwar tambaya wadda ta kan riga kowace tambaya isowa in an kawo sunan mutum don ɗaukar aiki, ko ƙarin girma, ko tafiya kos. Tun ba a ce me ya karanta ba, ko shekara nawa ya yi yana aiki, sai wani ya dubi na kusa da shi ya ce, "Ɗan wane ne?" Galibi mai tambayar ba shi da wata mugun nufi. Haka muka tashi muka tarar ana gane mutum, da gidansu da garinsu. Amma da zarar amsa ta fito, zuciya ta yanke rabin hukunci, sauran rabin kuwa takardu ne za su zo su yi ta fama da shi.

Muna so akawuna da malaman makaranta su lura da bambancin abu biyu. Akwai son kai na fili, watau mutum ya san ɗan wane bai cancanta ba, ya ba shi don kwaɗayi ko don tsoro. Wannan kowa ya san sunansa, doka kuma ta tanadi hukuncinsa. Akwai kuma son kai na ɓoye, wanda mai shi kansa bai san yana da shi ba. Misalinsa kamar mai awon hatsi ne wanda gindin mudunsa ya loɓa. Yana iya zama mai gaskiya, yana cika mudu har ya yi tozo, amma duk wanda ya saya a wurinsa ya koma gida da ragi. Wa'azi ba ya gyara wannan mudu, sai an kawo wani an gwada su. Wannan na biyu shi ne abin da za mu duba.

Inda Abin Ya Samo Asali

Sa'ad da Turawa suka ci Kano cikin 1903 sun tarar da jama'a kashi biyu manya, masu sarauta da talakawa, suka kuwa gina mulkinsu a kan wannan. En'e, watau hukumar gargajiya, ita ce mai haraji, da kotu, da 'yan doka, da gidan yari, da makarantun elementare. Hakimai aka fitar da su daga birni aka zaunar da su a gundumominsu: Sarkin Bai a Dambatta, Madaki a Dawakin Tofa, da sauransu. Malamin haraji, da magatakardan hakimi, da muhutin alkali, yawancinsu daga cikin gidan suka fito, ko daga cikin barorin gidan. A wancan zamani ba wanda ya ɗauki wannan abin mamaki, don aikin En'e reshe ne na sarauta.

Ilmin boko ma ta wannan ƙofa ya shigo. Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa cikin 1909 tana da sashe na musamman don 'ya'yan sarakuna. Kwalejin Katsina da aka buɗe cikin 1922 ita ta horar da mafi yawan waɗanda suka riƙe Jihar Arewa daga baya. Sai dai an yi wani abin al'ajabi. Da yawa cikin masu sarauta sun ƙi ba da 'ya'yansu, don tsoron abin da boko zai yi wa addininsu, suka tura 'ya'yan barori da na talakawa su cika lissafi. Da waɗannan yara suka shiga aji, ba a ga wani tawaya a ƙwaƙwalwarsu ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda mahaifinsa bara ne a gidan hakimin Lere ta ƙasar Bauci, ya zama Firayim Minista cikin 1957. Yusufu Maitama Sule, wanda mahaifinsa bara ne a gidan Madakin Kano, ya zama Ministan Ma'adinai da Lantarki cikin 1959, ya zama wakilin Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya rasu cikin 2017 yana Ɗanmasanin Kano. Wannan gwaji ne da ba wanda ya shirya shi, amma amsarsa ta fito sarai.

Cikin Agusta 1950 abu biyu suka auku. Ran 8 ga wata wasu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, cikinsu har da Magaji Dambatta da Maitama Sule, suna kukan talakawa. Cikin watan nan kuma Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Kaduna ya kawo batu a binciki tsarin En'e a gyara shi. Daga nan gyare-gyare suka biyo: Dokar En'e ta 1954, da binciken kuɗin En'en Kano na 1962, da karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e bayan an kafa Jihar Kano cikin 1967, da kafa ƙananan hukumomi cikin 1976, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali cikin 1979. En'e ta wuce, amma idon da ta horar yana nan cikin ofisoshi, don doka tana iya rushe hukuma rana ɗaya, hali kuwa zanen dutse ne.

Daga Gona Zuwa Ofis

Wanda ya bi hanya daga Kano zuwa Dambatta, ko ta Dawakin Tofa zuwa Bichi, ya san ƙasar nan ba ta da daji. Gona tana manne da gona, gida yana hangen gida, ba a barin fili ya huta, sai taki a ke bi da shi kowace shekara. Kowane rabon gado kuma yana ƙara tsinka gonakin. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Dorayi kusa da birni ta buga littafi cikin 1977, inda ta nuna cewa a irin wannan karkara manoma ba ɗaya su ke ba: akwai masu gonaki da yawa, akwai waɗanda abin da su ke nomawa ba ya kai su ko'ina, sai su yi ƙwadago a gonar maƙwabci su ci.

Yanzu mu ɗauki yara biyu a aji ɗaya. Na farko ubansa yana da albashi ko sarauta ko kanti. Yana zuwa makaranta da damina da rani, yana da fitilar karatu, ya saba ganin manya suna shiga zaurensu, ya san yadda a ke gaishe su da yadda a ke amsa musu. Na biyu da ruwa ya sauka sai sharar gona da shuka da noman farko su ɗauke shi, da kaka ya yi girbi, da rani wataƙila ya bi yayyensa cin rani. In duk da haka yaran nan biyu suka fito da takardar shaida iri ɗaya, wa ya fi nuna ƙwazo? Kowane malami ya san amsa. Amma ran ganawa don ɗaukar aiki, na farko ya kan shigo da rigarsa a goge, ya zauna daidai, ya yi magana ba gargada, don idon da ya ga sarki ba ya tsoron galadima. Na biyu ya kan tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, muryarsa tana rawa. Sai masu ganawa su rubuta wa na farko "yana da kwarjini", na biyu kuwa "ba shi da kuzari". Abin da suka auna tarbiyyar zaure ne, ko da ya ke sun tashi suna tsammani iya aiki suka auna.

Abin da ke cikin wannan ba ƙarami ba ne. A gidan da gonarsa ba ta ciyar da shi, albashi ɗaya na malamin firamare ko na akawun ƙaramar hukuma shi ne kuɗin taki, da kuɗin magani, da karatun ƙanne. In an hana yaro ɗaya abin da ya cancanta, gida guda aka mayar baya.

Yadda Mudun Ke Loɓawa a Ofis

Bayan an ɗauki mutum aiki ma abin ba ya ƙarewa. Ga wuraren da ya kamata kowane shugaban ofis da kowane hedimasta ya duba.

Na farko, kalmomin rahoto. Hali ɗaya ya kan sami suna biyu. Ɗan gata in ya faɗi ra'ayinsa gaban manya a ce yana da basira, ɗan talaka in ya faɗa a ce yana da rawar kai. Wancan in ya yi shiru a ce natsuwa, wannan in ya yi shiru a ce duhun kai. Wancan in ya makara a ce uzuri ya same shi, wannan in ya makara a ce halinsu ne. A zamanin rahoton asiri ma'aikaci ba ya ma ganin abin da aka rubuta a kansa. Hukumar Udoji ta 1974 ta kawo tsarin da ma'aikaci zai ga rahotonsa ya sa hannu, wannan kuwa ci gaba ne, amma bai hana alƙalami karkata ba.

Na biyu, canjin wurin aiki. In an tashi raba malamai, wa a ke bari a makarantar bakin titi, wa a ke turawa ƙauyen da mota ba ta shiga da damina? Sau da yawa ba wanda ya roƙi alfarma. Mai rabon ne kawai ya ji a ransa cewa ɗan wane "ba zai iya zaman can ba", ɗan manomi kuwa "ai ya saba". Bayan shekara goma na bakin titi duk manya sun san fuskarsa, na ƙauye kuwa sunansa kaɗai a ke gani cikin takardar albashi.

Na uku, labari. Ana buɗe gurbin kos ko na ƙarin girma, wanda ke zama inda manya ke hira ya ji tun ba a buga takarda ba, ya shirya. Wanda ke nesa ya ji bayan an rufe. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, ko da uwar ba ta yi niyyar hana kowa miya ba.

Na huɗu, harshe da sana'ar gado. Wanda bakinsa ya nuna ƙauye a kan yi masa dariya, a ce baƙauye, alhali lissafinsa ya fi na mai dariyar. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya bayyana cikin 1959 yadda Hausawa ke jera sana'o'i hawa-hawa, da yadda su ke fifita karda, watau sana'ar da aka gada, bisa shigege. Ɗan mahauci, ko ɗan wanzami, ko ɗan maroƙi, yana iya zama shugaban makaranta, amma akwai ɗakin malaman da za a riƙa tuna masa asalinsa cikin wasa. Wasan da kullum mutum ɗaya ke shan kashi a cikinsa ya daina zama wasa. Ga 'ya mace kuwa nauyin biyu ne, don ana tambayar ɗiyar wane ce, sa'an nan a tambayi matar wane ce.

A zamaninmu gata ya ƙara ƙofofi. Bayan rawani akwai kuɗi, akwai ɗan babban ma'aikaci wanda ya yi makarantar kuɗi ya fito da Turanci mai santsi. Tsarin raba muƙamai da ya shiga kundin mulki cikin 1979, da hukumar da aka kafa dominsa cikin 1996, suna ƙidaya jiha da ƙaramar hukuma. Ba su tambayar ko gurbin wata ƙaramar hukuma ya faɗa hannun wanda ya tashi a karkararta, ko kuwa hannun wanda sunan garin kaɗai ya gada yana zaune a Nasarawa ko Abuja.

Abin da Aka Gwada a Wasu Ƙasashe

Kada a ce wannan zato ne kawai, don masana sun auna shi. A Amurka wasu masana biyu, Bertrand da Mullainathan, sun aika da takardun neman aiki wajen 5,000 zuwa kamfanoni a biranen Boston da Shikago, suka buga sakamako cikin 2004. Takardun iri ɗaya ne, suna kaɗai aka sauya. In masu sunan baƙaƙen fata sun sami kira 2, masu sunan farare sun sami 3.

A Ingila, Friedman da Laurison sun nuna cikin 2019 cewa 'ya'yan leburori da suka kutsa cikin manyan ayyuka, irin su likita da lauya, suna samun albashi ƙasa da na abokan aikinsu 'ya'yan masu hali da wajen kashi 16 cikin 100. Ko an daidaita ilminsu, wani yanki na ratar ba ya gushewa.

Wanda ya fi shafar malamai shi ne gwajin da Hanna da Linden suka yi a Indiya, inda asalin mutum ke da nauyi ƙwarai. Sun ba malamai takardun jarrabawar yara su duba, amma bayanin asalin yaro da ke bangon takarda ƙuri'a aka yi aka liƙa shi. Takardun da aka liƙa wa asali na ƙasa sun sami maki kaɗan ƙasa da sauran. Abin da ya fi ban tsoro shi ne, sun tarar ragin ya fi fitowa daga malaman da su kansu daga asalin na ƙasa suka fito. Watau wanda aka raina ya kan koyi raina irinsa. Saboda haka kada wani akawu ko malami ya ce, "Ni ɗan talaka ne, maganar nan ba ta shafe ni ba."

Ɗan Gata Ba Abokin Gāba Ba Ne

Ba mu rubuta wannan don a tsani kowa ba. Ba wanda ya zaɓi gidan da za a haife shi. Cikin 'ya'yan sarauta da na attajirai akwai ma'aikata na ƙwarai waɗanda ƙasar nan ta ci moriyarsu, kuma karkataccen mudu su ma yana cutarsu, don duk abin da suka samu da guminsu sai a ce albarkacin uba ne. Wanda aka auna da mudun gaskiya shi kaɗai ke iya ɗaga kai gaban kowa. Abin da a ke nema ga mai gata shi ne ya san yana da shi, ya kuma yarda a auna shi kamar kowa.

Babbar hasara kuwa ta jama'a ce. Ofishin da ke zaɓen mutane bisa ga fuska ya kan cika da masu iya gaisuwa, aiki kuwa ya kwanta. Malamin da ya ga shekara da shekaru ana tsallake shi ya kan saki jiki, yaran ajinsa su biya.

Magani

Kyakkyawar niyya ba ta isa ba, tun da mai cutar bai san yana da ita ba. Maganin tsari ne. Ingila kanta da alfarma ta ke cika ofisoshinta har rahoton Northcote da Trevelyan na 1854 ya kawo shawarar jarrabawa, aka buɗe ta ga kowa cikin 1870. A nan gida ma muna da shaida. Makarantun sakandaren kimiyya da Jihar Kano ta buɗe a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu cikin 1977 da jarrabawa a ke shigarsu, sun kuwa fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa, cikinsu har da 'ya'yan manoma. Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Ga abin da kowane ofis da kowace makaranta za su iya farawa ba tare da an kashe ko kwabo ba:

1. A jarrabawar ɗaukar aiki da ta aji, a sa lamba maimakon suna, kada a haɗa lamba da suna sai an gama ba da maki.

2. Kafin a ga masu neman aiki, a rubuta abubuwan da aikin ke bukata da makin kowane. A yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya. Tambayar uba da gida a bar ta.

3. Kowane mai ganawa ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin a yi shawara. In an zo shawara ƙarami ya fara magana, don in babba ya riga faɗi ba mai saɓa masa.

4. Kowane gurbi, na aiki ko na kos, a liƙa shi a allon sanarwa, a aika da shi makarantun ƙauye da isasshen lokaci.

5. A rahoton shekara a rubuta abin da mutum ya yi da ranar da ya yi shi. Kalma irin "kwarjini" ko "rawar kai" kada ta shiga sai da misali.

6. A ajiye littafin canjin wurin aiki, zaman ƙauye ya zama na karɓa-karɓa, wanda ya yi shi kuma a lissafa masa ran ƙarin girma.

7. A ƙarshen shekara shugaba ya ɗauki alƙalami ya ƙidaya: su wa aka tura kos, su wa aka ƙara wa girma, su wa aka hora. In duk alherin ya taru a gefe ɗaya, horon kuma a ɗaya gefen, to mudun ya loɓa, ko da ba wanda ya yi niyya.

Ga ɗalibanmu na kwalejin horon malamai muna ƙara abu ɗaya. Ofis daga aji ya ke farawa. Ku lura da wanda ku ke naɗawa monita, da wanda ku ke aika ya share fili ko ya ɗebo ruwa. Ku lura da wanda ku ke jira ya yi tunani in kun yi tambaya, da wanda ku ke wucewa da sauri. Yaron da ya shekara shida yana zaune a bayan aji ba a taɓa kiran sunansa ba, ya koyi darasin da ba ya cikin manhaja, zai kuwa tafi da shi har ɗakin ganawa.

Girmama manya da sanin asali al'adarmu ce mai kyau, tana da wurinta a zaure, da wurin suna, da wurin ɗaurin aure. Amma kujerar ofis da allon makaranta dukiyar jama'a ce, da kuɗin mai rawani da na mai fartanya aka saye su. Wanda aka ba amanar rabonsu, in tambayar nan ta zo bakinsa, ya dakata ya sauya ta da wata: me ya iya, me kuma ya yi?